Tikitin da ake yankar mana a kasuwa, aljihun wace gwamnati yake shiga?

Ɗan Kura, Mile 12:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayenmu da yayyenmu. Ni mutumin Kura ne ta jihar Kano, ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, tumatir da attaruhu da tattasai, wani lokaci albasa idan ta yi. Karatuna allo ne sai firamare, amma rediyo ba ta rabuwa da ni, kuma ina karanta Hausa a waya daidai gwargwado.

Ga abin da ya kawo ni. Kafin kwando ya sauka daga tirela ya isa hannun mai saye, takardu kala-kala ake yankar mana. Akwai ta sauke kaya, akwai ta wurin da ka baza, akwai ta shara, yaron da yake tura mini baro shi ma da tasa. Wata da hatimi da lamba, wata ba komai a jikinta sai launi. Wani ma ba ya ba da takarda, hannu kawai zai miƙo maka. Ni ban ce kada a biya ba, duk wanda yake samun abinci a wuri ya kamata ya sauke haƙƙin wurin. Amma ina so in san wa nake ba. Gwamnatin Abuja ce? Ta jiha da ke Ikeja ce? Ko ƙaramar hukuma? Ita kanta ƙaramar hukumar, wani ya ce mini Kosofe muke, wani ya ce a'a, Ikosi-Isheri ce. Wanne ne gaskiya?

Sannan akwai kalmomin da ake ta faɗa a labarai, ina jin su kullum amma ban riƙe bakin zarensu ba. Asusun tarayya, kason ƙananan hukumomi, kuɗin shiga na cikin gida, kasafin kuɗi, giɓin kasafi. Wadda ta fi damuna ita ce hauhawar farashi. Sai a ce ta sauka, ni kuma mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗin ɗaki, kuɗin motar Kano ma bai dawo inda yake ba. To me ya sauka?

Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani irin na mutanen kasuwa. Akwai 'yan'uwa da yawa a rumfarmu da za su amfana, zan karanta musu.

Baban Sango, Agege:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa nema albarka. Ni a nan Agege aka haife ni, kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi, na koyar a makaranta har na ajiye aiki. Tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai, domin mutanenmu sun fi kowa biya a garin nan kuma sun fi kowa shiru.

Gwamnati a Najeriya hawa uku ce: ta tarayya, ta jihohi 36, da ta ƙananan hukumomi 774. Kundin tsarin mulki na 1999 shi ya raba wa kowa aikinsa. Soja, 'yan sanda, kwastan, shige da fice, buga naira, tashoshin jiragen ruwa, duk na tarayya ne. Ɗan sandan da ka gani a Ketu ma'aikacin Abuja ne ko da gwamnan Legas ne ya saya masa mota. 'Yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci kuwa na jiha ne, haka LAWMA masu kwashe shara. Filaye suna hannun gwamna tun dokar 1978. Idan ka zo Agege ka tsaya kan gadar Pen Cinema za ka ga abin da idonka: gadar ta jiha ce, jirgin ƙasan da yake wucewa zuwa Ibadan na tarayya ne, wanda yake jigilar 'yan gari zuwa Oyingbo, da aka buɗe a 2024, na jiha ne. Duka a wuri ɗaya, amma masu su daban.

Kasuwa kuwa, wadda ita ce maganarka, aikin ƙaramar hukuma ce. A jadawali na huɗu na kundin an jera abin da aka ɗora mata: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, rijistar haihuwa da mutuwa, sanya wa tituna suna, har da lasin keke da kwalekwale da baro da amalanke. Ka ga ke nan takardar yaron baronka ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali a doka. Kuɗin rumfa da na wurin baza kaya ma haka. Amma ka bambanta abu uku da suke cakuɗewa a hannunka. Akwai harajin hukuma, wanda majalisar kansiloli ta amince da shi, yana da rasit mai suna da lamba. Akwai kuɗin ƙungiya, wanda ku 'yan kasuwa kuka ɗora wa kanku don gadi da shara da taimakon wanda ya yi asara, wannan shugabanninku za ku tambaya, kuma kuna da haƙƙin jin lissafinsa a taro. Na uku shi ne na mai miƙo hannu ba takarda. Wannan ba haraji ba ne ko da ya rantse, kuma ba ya isa asusun kowace gwamnati.

Maganar Kosofe da Ikosi-Isheri, duka waɗanda suka gaya maka sun yi gaskiya. Kundin tsarin mulki ƙananan hukumomi 20 ya sani a Legas, Kosofe na cikinsu. A 2003 Bola Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro wasu 37, yana cewa jama'ar Legas sun fi ƙarfin guda 20, ga Kano da 44. Shugaba Obasanjo ya ce bai san zancen ba, ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. Aka tafi Kotun Ƙoli. A Disambar 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma su ma sababbin ba su cika ƙananan hukumomi ba har sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin kundi. Shi ne aka mayar da su yankunan raya ƙasa, waɗanda ake kira LCDA. Kuɗin da aka riƙe sai zuwan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007 aka sake su. To a takardar Abuja kana Kosofe, a harkar yau da gobe kuwa ciyaman da kansilan da suke kanka na Ikosi-Isheri ne. Mu ma nan haka ne, akwai Agege akwai Orile-Agege. Jimilla 57, kowace da ciyaman ɗinta da sakatariyarta.

Asusun tarayya kuwa ka ɗauke shi kamar gandu: abin da aka noma a zuba rumbu ɗaya, sannan a auna wa kowane ɗaki. Kuɗin man fetur da iskar gas, harajin kamfanoni, kuɗin kwastan, nan suke taruwa. Duk wata kwamishinonin kuɗi na jihohi su haɗu da ministan kuɗi a raba. Jihohin da ake haƙo mai a cikinsu ana fara cire musu kashi 13 cikin 100 na kuɗin man. Abin da ya rage, tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wannan na ƙarshen shi ne kason da kake ji. Shekara da shekaru ana zuba shi ne a asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni, su kuma su bayar da abin da suka ga dama. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Hukunci ne mai kyau, aiwatar da shi ne ake ta jan ƙafa.

Kuɗin shiga na cikin gida shi ne wanda jiha ta tara da kanta ba tare da jiran Abuja ba: harajin albashi, na 'yan kasuwa, na filaye da gidaje, lambar mota da sauransu. A nan babu jihar da ta kama ƙafar Legas, a 2024 abin da ta tara ya haura naira tiriliyan 1. Ka riƙe wannan da kyau: harajin samun kuɗi na mutum, jihar da yake zaune ake biya, ba jihar da aka haife shi ba. Kai Bakano ne, amma a wajen haraji ɗan Legas ne kai. Ni kuma abin da nake faɗa wa yaranmu kullum, wanda aka lissafa da shi ranar karɓa, ya kamata a lissafa da shi ranar rabo.

Na gaji da latsa waya. Maganar farashi akwai waɗanda suka fi ni a zauren nan.

Maman Khadija, Idi-Araba:

Sannu da ƙoƙari Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam Ɗan Kura, bari in ɗauki ta farashi. Ni ina koyarwa da safe, da yamma ina sayar da kayan masarufi a ƙofar gida, don haka ta kowane ɓangare abin yana taɓa ni.

Hauhawar farashi ba ita ce tsadar kanta ba, saurin da tsadar take ƙaruwa ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana bin kasuwanni duk wata, ta rubuta kuɗin abinci da haya da mota da magani da sutura, ta gwada da na watan nan a bara. A Disambar 2024 ta ce kashi 34.8 ne cikin 100. Ma'ana, a tsakaice, abin da ka saya naira 1,000 a Disambar 2023 ya zama 1,348. To a ce shekarar da ta biyo baya an sanar da cewa ta sauka zuwa kashi 20, misali nake ba ka. Abin nan ba zai koma 1,000 ba, zai tashi ne daga 1,348 zuwa wajen 1,618. Ya ƙaru, sai dai bai ƙaru da gudun da ya yi bara ba. Shi ya sa mai labarai bai yi ƙarya ba, kai ma idonka bai yaudare ka ba. Ƙari a kan haka, a farkon 2025 hukumar ta sabunta yadda take awon, alƙaluman Janairu suka fito 24.48, ba don kaya sun yi araha cikin wata guda ba.

Abin da ya jawo ta kuwa mun gani da idonmu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Tallafi shi ne gwamnati ta biya wani ɓangare na kuɗin abu don ya iso maka da sauƙi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kusa 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce haka nesa. A watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan shi ne faɗuwar darajar naira. Duk abin da ake shigowa da shi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, magani, alkama, kayan gyaran mota, sai ya bi dala.

Kai ka fi ni sanin tumatir, amma duba yadda ya shafe shi. Tirela da man gas take tafiya, shi kuwa an daɗe da cire masa tallafi. Amma manomin rani a Kadawa da fetur yake tayar da injin ban ruwa. Taki da maganin feshi dala ce. Tayar tirela dala ce. Ga kusan kilomita 1,000 na hanya, ga masu tsayar da direba a kowace kwana. Duk wannan a kan kwandonka yake sauka, mace ta zo daga Ikorodu tana ganin kai ne ka tsawwala. Sai dai tashin da tumatir yake yi daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da na rani ya ƙare na damina bai iso ba, wannan ƙarancin kaya ne na lokaci, yana saukowa da kansa. Hauhawa ita ce idan komai ya tashi tare ya ƙi dawowa.

Akwai harajin da kake biya ba tare da an yankar maka tikiti ba, wato VAT. Kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kafin nan kashi 5 ne. Yana cikin kuɗin katin wayarka da lemon kwalba da kayan kanti. Ɗanyen abinci irin naka ba a ɗora masa. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki Janairun 2026, ta ce naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Abin da ka samu fa, wato riba, ba jimillar ciniki ba. Don Allah ku riƙa rubuta saye da sayarwa ko a ɗan littafin makaranta ne. Wanda ba shi da rubutu, duk abin da aka yanka masa sai ya karɓa.

Bakatsine, Alaba Rago:

Baba, ina girmama ka, Allah ya bar girma. Hajiya ma ta yi bayani. Amma ku yi haƙuri, ni abin da na gani daban ne. Acaɓa nake yi a da. A Yunin 2022 aka hana babur a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara da Kosofe da Mushin da Oshodi da Shomolu. Kafin nan babu ranar da ba na yankar tikiti, rana ko ruwa. Ranar da aka ɗauke mashin ɗina, wanda ban gama biyan kuɗinsa ba, takardun nan suna cikin aljihuna a ƙulle da roba. Na fito da su, ko kallonsu ba a yi ba. Wa ya tambaye mu kafin a yi dokar? Mutum dubu nawa ne suke ci da iyali da babur, an kira ko ɗaya ya faɗi ra'ayinsa?

Yanzu ina taimaka wa wani Alhaji a wajen raguna. Ni dai na ɗauki kaina baƙo a garin nan, in samu abin da zan samu in koma gida. Katin zaɓena na Malumfashi ne, can nake zuwa in jefa wa wanda ya san ubana. Ɗan Kura, ka biya abin da aka ce ka biya ka kama sana'arka. Sanin sunan asusu ba zai hana a rufe kasuwa ba. A 2016 da aka yi rikici a Mile 12 ba rufe ta aka yi ba? Kayan mutane nawa suka ruɓe?

Ɗan Kura, Mile 12:

Baba na gode, Hajiya na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mutanen rumfarmu bayan la'asar, har wani dattijo cikinmu ya sa na maimaita masa lissafin 1,348 ɗin nan. Mun ware takardun kamar yadda Baba ya ce, mun ga waɗanda suke da sunan hukuma, mun ga na ƙungiya, akwai kuma guda biyu da babu wanda ya san mai su a cikinmu.

Ɗan'uwa Bakatsine, Allah ya mayar maka da alheri. Maganarka ta taɓa ni, don nima katina na Kura ne, kuma yawancinmu haka muke. Baba, saura kasafin kuɗi da giɓi. Sannan wannan magana tasa, me za ka ce? Mutum irina yana da bakin magana a Legas ko kuwa?

Baban Sango, Agege:

Bakatsine, ɗana, asarar mashin ba ƙaramar asara ba ce, balle da bashi a kansa. Allah ya musanya maka. Ba zan ce maka abin da aka yi ya yi daɗi ba. Amma kalmar baƙo ɗin nan ce ba zan bari ta wuce ba, domin ita ce ta fi cutar da mu.

Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zuwa ko'ina da zama ko'ina a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ka fito. Sashe na 43 ya ba ka damar mallakar gida ko fili a kowace jiha. Na san abin da ke takarda daban, abin da ke titi daban. Amma wanda ya san yana da haƙƙi, tsayuwarsa a gaban jami'i ba irin ta wanda yake ganin alfarma ake masa ba ce. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, fataucin shanu ya kai shi Inugu, kuma shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, da ƙuri'ar mutanen can. Bai ce shi baƙo ba ne.

Maganar babur, ka tuna Kano ma ta hana acaɓa a 2013, kuma 'yan gida ne suka yi wa 'yan gida. Abin dubawa shi ne yadda doka take haihuwa. Gwamnati ɓangare uku ce a kowane hawa: majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta yi hukunci idan an saɓa. Kafin abu ya zama doka sunansa ƙuduri. A karanta shi sau ɗaya, sau biyu, a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, gwamna ya sa hannu. Hanin da aka yi muku ya dogara ne da dokar sufuri ta jiha ta 2018, wadda ita ma ta gaji ta 2012. Majalisar da ta yi su tana Alausa, mutum 40 ne, biyu daga kowace ƙaramar hukuma. To ɗan majalisar da yake wakiltar unguwar da kake kwana, idan ya buɗe rijistar mazaɓarsa bai ga sunanka ba, bai ga na abokan aikinka ba, me zai sa ya tashi a zauren majalisa ya ɓata da gwamna saboda ku? Wanda ka zaɓa a Malumfashi kuwa, ko yana ƙaunarka kamar ransa, ba shi da ta cewa a kan titin Ojo.

A zaɓen 2023 masu rijista a Legas sun haura miliyan 7, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 1.5 ba, kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu a jihar ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Ka ƙirga mutanenmu na Mile 12 da Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da mayankar Oko-Oba. Zaɓen kansila kuwa, wanda shi ne ya fi kusa da rumfarka, mutane ƙalilan ne suke fita. Ban ce ka zaɓi wane ko wane ba, ba ruwana da jam'iyyar kowa a nan. Cewa nake ƙuri'arka ta kasance inda ake yanke hukuncin abincinka.

Yanzu kasafin kuɗi. Shi ne lissafin da gwamnati take yi kafin shekara ta kama: ga abin da take sa ran samu, ga abin da za ta kashe da inda za ta kashe shi. Gwamna ya kai wa majalisa, su duba su gyara su amince, ya sa hannu ya zama doka. Kwabo bai halatta a kashe ba idan ba ya ciki. Kashi biyu ne. Akwai na yau da kullum, albashi da fansho da man motoci da gudanar da ofisoshi. Akwai na manyan ayyuka, titi da gada da asibiti da makaranta. Idan abin kashewa ya fi abin samu, bambancin shi ne giɓi, kuma da bashi ake cike shi. Bashin da ruwansa daga kasafin shekaru masu zuwa za a biya, shi ya sa idan ka ji an ce kuɗin biyan bashi ya yi yawa, ma'anarsa abin da zai rage wa asibiti da makaranta ya ragu. Na Legas na 2025 naira tiriliyan 3.366 ne, na tarayya tiriliyan 54.99. Amma sa abu a kasafi ba shi ne yin sa ba, sai an saki kuɗin. Aiki yakan fito a takarda shekara uku a jere ba a kai ko tifar yashi ba.

Ƙaramar hukuma ma tana da nata kasafin, kansiloli ne suke amincewa da shi. Nan ne maganar kwatar da take cika da ruɓaɓɓen tumatir da damina take, da fitila, da banɗaki, da hanyar da tirela take maƙalewa.

Ɗan Kura, ga abin da zan ba ku shawara. Takardun nan biyu da ba ku san mai su ba, kada mutum ɗaya ya tsaya gardama da mai karɓa, ana iya ji masa ciwo a banza. Ku kai wa shugabannin sashenku, ku nemi su je sakatariya sashen kuɗin shiga su karɓo jerin harajin da aka amince da shi da adadin kowanne, a liƙa a inda kowa zai gani, a fassara da Hausa da Yarabanci. 'Yan'uwanmu Yarabawa mata da suke sari a wajenku su ma ana karɓa a hannunsu, ku tafi tare, kada abin ya zama na Hausawa kaɗai. Sarkin Hausawan yankinku ma a sanar da shi.

Katin zaɓe kuma ba sai ka yi sabo ba, yin rijista sau biyu laifi ne. Idan INEC ta buɗe rijista, ka je ofishinta na Kosofe da katinka ka ce kana son a sauya maka wurin zaɓe zuwa rumfar da ta fi kusa da inda kake kwana, ana iya fara cikewa ta intanet ma. Kada ka jira sai zaɓe ya matso, ana rufewa watanni kafin ranar. Zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha, LASIEC, ce take shirya shi, amma da wannan katin na INEC ake yi. An yi na baya a Yulin 2025, wa'adinsu shekara huɗu ne. Ka kuma yi katin zama na jiha na LASRRA, da kai da iyalinka idan suna nan, ana yawan tambayarsa a harkokin jiha.

Maman Khadija, Idi-Araba:

Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, ku tuna da matanku. A unguwarmu maza da yawa suna da kati, matan kuwa ko na ɗan ƙasa ba su da shi, yaran ma ba takardar haihuwa, sai an zo shiga makaranta ko jarrabawa a fara guje-guje. Hukumar Ƙidaya ce take bayar da takardar haihuwar, kuma tana da ma'aikata a sakatariyar ƙananan hukumomi da asibitocin sha-ka-tafi. Malam Ɗan Kura, idan an samo jerin harajin nan ka ɗauki hotonsa ka sa mana a nan, ina so in gwada da abin da ake karɓa a hannun masu shaguna a Mushin.